Amsa kan tasirin ƙungiyoyin Kiristoci masu ra'ayin riƙau a manufofin Amurka na ƙetare

Ɗan'uwa mai tambaya, ka ce kana son sanin ko gaskiya ne ƙungiyoyin Kiristoci masu ra'ayin riƙau su ne ke juya akalar Amurka a harkokin waje, ko kuwa zuzuta su kawai ake yi. Na daɗe ina aiki da ƙungiyoyin kiwon lafiya masu cin tallafin Amurka a arewacin Najeriya, aikin kuma ya sha kai ni Washinton, saboda haka zan amsa da abin da na gani da wanda ke rubuce a tarihi. Tasirinsu na gaske ne, amma yana da iyaka: suna cin nasara a inda babu wata babbar maslahar tsaro ko ta kasuwanci da ta tare musu hanya, idan kuwa suka yi karo da ɗaya daga cikin biyun nan, galibi su ake ba haƙuri.

Ƙarfinsu daga akwatin zaɓe yake. Tun da fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority a 1979, Turawan Amurka 'yan Ibanjelika, wato Kiristocin da su ne ƙashin bayan waɗannan ƙungiyoyi, suka zama ginshiƙin jam'iyyar Rifabulikan, har kusan kashi 80 cikin ɗari nasu suka zaɓi Trump a 2016. Ɗan majalisar da ke wakiltar wata mazaɓa a Teksas ko Oklahoma ya fi tsoron zaɓen fid da gwani a kan babban zaɓe, su kuwa masu zuwa coci kowace Lahadi su ne ba sa fashin fitowa ranar fid da gwani. Na taɓa zama a ofishin wani ɗan majalisa ina jiran ganawa, wani matashin ma'aikaci yana ta ɗaga waya, duk kiran da ya shigo sai ya tambayi lambar unguwar mai kiran, ya ja layi ɗaya a takardar da ke gabansa. Da yamma za a gaya wa maigidan yawan 'yan mazaɓarsa da suka kira a kan wane ƙuduri. Kamun ƙafar da ake ta faɗa, mafi yawansa irin wannan aikin haƙuri ne, ba wani taron sirri ba.

Babbar dabararsu ita ce su mai da buƙatarsu doka, domin shugaba yana wucewa amma doka tana nan. Misali mafi kyau shi ne dokar 'yancin addini ta ƙasa da ƙasa wadda Clinton ya sa wa hannu a 1998, bayan Frank Wolf ya daɗe yana jan ragamarta a Majalisar Wakilai. Dokar ta samar da jakada na musamman a Ma'aikatar Harkokin Waje, da rahoton shekara-shekara a kan ƙasashen duniya, da hukumar USCIRF mai sa ido kan 'yancin addini a duniya, da kuma jerin ƙasashen da ake nuna damuwa ta musamman a kansu. Tun daga lokacin, dole ne a sami jami'i a ofishin jakadancin Amurka na Abuja ko Yamai ko Alƙahira da zai zauna ya rubuta halin da addini ke ciki, ko da jakadan bai damu da batun ba.

A ɓangarenmu na lafiya, mun ji hannunsu a jikinmu. Ka'idar Mexico City, wadda Reagan ya ƙirƙiro a 1984, ta hana ba ƙungiyoyin ƙetare kuɗin Amurka idan suna zubar da ciki ko suna tallata shi a matsayin hanyar tsarin iyali, ko da kuwa da kuɗinsu na wani wuri suke yi. Clinton ya soke ta a 1993, Bush ya dawo da ita a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya dawo da ita a 2017 ya kuma faɗaɗa ta zuwa kusan duk tallafin lafiya, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake dawo da ita a Janairun 2025. Mu a ofis muna gane an yi sauyin gwamnati a can ne idan sabon shafi ya shigo cikin takardar yarjejeniya, a kira shugabannin ƙananan ƙungiyoyin da muke raba wa kuɗi, kowa ya karanta sakin layin ya rattaba hannu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dokar ƙasarmu da ma ta haramta zubar da ciki in ba don ceton ran uwa ba, don haka sharaɗin bai sauya aikin asibitocinmu sosai ba, illa dai manyan ƙungiyoyin tsarin iyali irin su IPPF da Marie Stopes da suka ƙi sa hannu suka rasa kuɗi.

Adalci kuma ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau da Bush ya kafa a 2003 da dala biliyan 15 na shekara biyar, wanda Najeriya ke cikin ƙasashe 15 na farko da ya fi mai da hankali a kansu, da wuya ya tsallake majalisa ba don shugabannin coci irin su Franklin Graham sun sauya wa 'yan riƙau tunani a kan cutar ƙanjamau ba. Sun karɓi ladansu: kashi ɗaya cikin uku na kuɗin rigakafi aka keɓe wa wa'azin kamewa har zuwa aure, sharaɗin da aka sassauta a 2008. A garuruwanmu wannan saƙon ya fi na kwaroron roba samun karɓuwa wurin malamai da fastoci baki ɗaya. Haka nan a Majalisar Ɗinkin Duniya, a kan batun iyali da zubar da ciki, abokan tafiyar waɗannan ƙungiyoyi sau da yawa ƙasashen Musulmi ne. Sanarwar Janiba ta 2020, mai adawa da zubar da ciki, Amurka ta ɗauki nauyinta tare da Masar da Indunisiya da Yuganda da Burazil da Hangare. Wanda ya ɗauka cewa gabansu da Musulmi ne a kowane fage bai karanci lamarin ba.

Inda tasirinsu ya fi fitowa fili shi ne Isra'ila. Fasto John Hagee ya kafa CUFI, ƙungiyar Kiristoci masu goyon bayan Isra'ila, a 2006, kuma a ranar 14 ga Mayu 2018 da aka buɗe ofishin jakadancin Amurka a Birnin Ƙudus, shi da fasto Robert Jeffress ne suka yi addu'o'in bikin. Dokar mayar da ofishin zuwa Ƙudus tun 1995 take, shugabanni uku suna ɗage aiwatar da ita duk wata shida, sai da aka sami wanda yake buƙatar ƙuri'unsu ƙwarai. A 2025 kuma Mike Huckabee, tsohon fasto, ya zama jakada a can. Sai dai a nan suna tafiya ne da ruwa, domin ma'aikatar tsaro da AIPAC, babbar ƙungiyar kamun ƙafa mai goyon bayan Isra'ila, da manyan jam'iyyun biyu da ma suna gefen Isra'ila.

Sudan ce ta fi nuna ƙarfinsu da iyakarsu a lokaci guda. Su, tare da 'yan majalisa baƙar fata da wasu ƙungiyoyin Yahudawa, suka matsa wa Bush har ya naɗa John Danforth, tsohon sanata kuma limamin coci, wakili na musamman a Satumban 2001, abin da ya share fagen yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 da ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011. Amma da suka nemi a kori kamfanonin da ke haƙar man Sudan daga kasuwar hannun jari ta Amurka, Majalisar Wakilai ta amince da gagarumin rinjaye, masu kuɗin Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi ta Amurka, da Ma'aikatar Baitulmali suka ƙi, dokar da aka yi kan Sudan a 2002 ta fito babu wannan sashe. Haka suka yaƙi ba ƙasar Sin matsayin ciniki na dindindin a 2000 saboda takura wa coci-coci, 'yan kasuwa suka kayar da su. An sa Saudiyya a jerin ƙasashen damuwa kan 'yancin addini a 2004, aka yafe mata takunkumi. An cire Biyetnam daga jerin a 2006 dab da ziyarar Bush ƙasar. Ko a 2025 da aka rushe USAID, hukumar ba da tallafin Amurka a ƙetare, ƙungiyoyin agaji na coci suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, kokensu kuma bai hana ba.

Na san Najeriya ce a ranka. USCIRF ta fara ba da shawarar a sa ta a jerin ƙasashen damuwa tun 2009, sakataren harkokin waje Pompeo ya sa ta a Disambar 2020, magajinsa Blinken ya cire ta a Nuwambar 2021 yana shirin sauka Abuja, Trump kuma ya mayar da ita a ƙarshen Oktobar 2025 bayan matsin 'yan majalisa irin su Chris Smith da Ted Cruz. Kisan da ake yi a Binuwai da Filato gaskiya ne, bishop na Makurɗi da ya je ya ba da shaida a gaban kwamitin Afirka na majalisa ba ƙirƙirar gawawwaki ya yi ba. Kisan da ake yi a Zamfara da Katsina da Barno shi ma gaskiya ne. Bambancin shi ne mutanen Binuwai suna da cocin da ke da 'yar'uwarta a Amurka, da ƙungiyar da ke tattara sunaye da ranaku, da ɗan majalisar da zai kira zaman sauraron shaida. A zaman irin wannan da na halarta, shaidu suna da minti biyar-biyar, kowa da rubutacciyar takardarsa da aka raba tun kafin a shiga, kuma daga cikin takardun nan ma'aikatan kwamiti ke tsamo kalmomin da za su shiga ƙuduri. Ban ga wanda ya zo da takarda a madadin ƙauyukan Zurmi ko Maradun ba, ita kuwa gwamnatin Najeriya ta fi dogara ga kamfanonin kamun ƙafa da take ɗauka haya bayan magana ta riga ta yi nisa.