Ragona ya daina tuƙa bayan na cika masa masara

Malam, ka ce har zawo yake yi. Cikinsa ne ya yi tsami, kuma abin na damuna, don gabanin Layya haka ake asarar raguna.

Dubi tumbi wurin mahauta, cikinsa kamar tawul. Wannan bangon ke tsotse gishiri da tsamin abinci zuwa jini, ya sako sinadarin bayikabonet mai kashe tsami, ya kuma tare ƙwayoyin cuta. Ma'aunin tsami (pH) na tumbi yakan tsaya 6 zuwa 7, kuma yakan sauka in tsami ya ƙaru. In yawan masara ya sa ya sauka ƙasa da 5.5, bangon yakan ƙone, ƙwayoyin su kutsa har hanta.

Janye masarar yau, ba shi harawa da ruwa. In ya kwanta, don Allah garzaya asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), Samaru, Zariya.