Amsoshin tambayoyinku: Faifan John Williams da bai yi kama da John Williams ba

Wasiƙun wannan makon sun karkata ga kiɗan okestira na Turawa, wato na babbar ƙungiyar makaɗa masu goge da busa da ganguna, saboda haka na haɗa huɗu a wuri ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, tun ina yaro nake son kiɗan finafinan Star Wars da Jurassic Park. Ƙanina da ke karatu a Ingila ya tambaye ni tsarabar da nake so, na ce faifan John Williams. Sai ya aiko mini da wanda aka rubuta Violin Concerto No. 2 a jikinsa. Na saurara har ƙarshe, in ban da 'yan gajeru uku da aka liƙa a baya, ban ji abin da zan iya bi da baki ba. Jabu aka sayar masa? Zai zo gida da Sallah, me zan ce ya sayo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba a cuci ƙaninka ba, faifan na gaske ne, kuma mutumin nan ne dai. Hannu biyu gare shi, kai kuwa ɗaya ka sani.

An haifi Williams a 1932 a New York. Mahaifinsa makaɗin ganga ne a ƙungiyar jaz, shi ma da buga fiyano ya fara neman abinci a situdiyoyin Hollywood kafin a fara ba shi tsara kiɗan fim. Ta wannan hannun ya ci kyautar Oska sau 5, ciki har da na Jaws, Star Wars, E.T. da Schindler's List, kuma sau 54 ana sa sunansa cikin 'yan takara. A fim darakta ne mai gida. Daƙiƙoƙi ƙalilan ake ba mai kiɗa ya tsorata ka ko ya sa ka ƙwalla, don haka dole karin ya zama gajere, ya kama kunne tun jin farko. A Jaws sauti biyu kacal ya yi ta maimaitawa, ya hana mutane wanka a teku.

Konceto kuwa wani abu ne daban. Kiɗa ne da ake rubuta wa makaɗi guda, ya tsaya a gaba, okestira na bayansa, suna ta ba juna amsa na tsawon rabin awa ko fiye. Babu hoto, babu darakta, babu mai cewa a yi sauri. Kusan duk konceton Williams ɗinkin awo ne: ya ɗauki awon mutum ɗaya da ya sani, ya yanka masa daidai jikinsa. Na celo, wato babban gogen nan da ake zama a rungume, ya rubuta wa Yo-Yo Ma a 1994 don buɗe sabon zauren kiɗa a Tanglewood da ke jihar Massachusetts. Na basun, wato wani dogon abin busa na katako mai kaurin murya, wanda ya sa wa suna The Five Sacred Trees saboda wasu bishiyoyi biyar na tatsuniyoyin ƙasar Ailan, ya rubuta wa Judith LeClair ta okestirar New York. Wanda ke hannunka kuma na Anne-Sophie Mutter ne, Bajamushiyar nan mai gogen biyolin, wadda ta fara kaɗa shi a Tanglewood a Yulin 2021, lokacin yana da shekara 89. Na farkon na biyolin ya fi su duka nauyi, domin ya rubuta shi ne bayan rasuwar matarsa Barbara Ruick a 1974, kuma sai 1981 aka fara kaɗa shi a bainar jama'a. Mutumin da ke zaman makoki ba zai ba ka kiɗan jiragen yaƙin sararin samaniya ba.

To, maganar sayayya. Idan abin da ka sani kake so, ka ce masa John Williams in Vienna, na kamfanin Deutsche Grammophon. An naɗe shi a Janairun 2020, shi da kansa yake jagorantar okestirar Biyana, kuma duk manyan karin da ka tashi da su suna ciki. Akwai ɗan'uwansa The Berlin Concert da aka naɗa a Oktoban 2021. Ɗaya ya isa, kada ya ɓata fam ɗinsa a kan biyu, domin sun yi tarayya a wurare da dama. Ni na Biyana zan ɗauka.

Idan kuma kana son leƙa ɗaya hannun ba tare da ka sha wuya ba, A Gathering of Friends na 2022 ya fi dacewa da kai. Akwai konceton celo da ya sake gyarawa, Yo-Yo Ma ke kaɗawa, sannan an saka kiɗan Schindler's List da za ka huta a kai.

Bari in ƙara maka na uku, ko da yake ba ka tambaya ba. Abin da kunnenka ke nema, wato konceto mai zaƙin kiɗan fim, akwai shi, amma ba Williams ya rubuta ba. Erich Korngold ne, mutumin Biyana da ya koma Hollywood a shekarun 1930. Ya kwaso kari daga finafinansa ya gina konceton biyolin da su, Jascha Heifetz ya fara kaɗa shi a 1947. Nemi wanda Gil Shaham ya naɗa tare da André Previn. In ka ji shi za ka gane gidan da Star Wars ya fito.

Faifan da ke hannunka kuwa kada ka kyautar. Ka sake sa shi da dare, ka bi gogen kaɗai, ka lura da yadda garayar Turawa mai tsirkiya da yawa take rakiyarsa. Ra'ayina dai, ko masoyansa za su ji haushi: gwanintar Williams ta ƙarshe a fim take. Koncetocinsa aikin ƙwararre ne, amma ba su ne za su riƙe sunansa ba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Musu ya kaure a majalisarmu a Zariya kan wane ne ya fi kowa cikin masu tsara kiɗa da ke raye. Wani ya ce Hans Zimmer, wani ya ce A. R. Rahman, ni na ce Williams. Mun haɗa kuɗi za mu sayi kundi uku mu saurara tare. A raba mana gardama, a kuma zaɓa mana.

Amsa: Barka kadai. Duka ukun da kuka ambata 'yan fim ne, kun ga ashe ba wanda ya fi kuke nema ba, wanda kuka fi ji kuke ƙirgawa. Ba laifi ba ne. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, sunan Rahman ya zauna mana, kuma Oska biyu da ya ɗauka a 2009 ba kyauta aka ba shi ba.

Akwai ma'auni guda da ba na son zuciya ba: wa aka fi kaɗa aikinsa a zaurukan kiɗa na duniya? Shafin Bachtrack yana yin wannan ƙidaya duk shekara. Daga 2011 zuwa 2018 Arvo Pärt ne a sama cikin masu rai, sai a 2019 Williams ya karɓe. Yawan kaɗawa ba shi ne fifiko ba, amma ya nuna muku cewa akwai sunan da majalisarku ba ta ambata ba.

Pärt ɗan Estoniya ne, an haife shi a 1935. Ya yi shekaru kusan bai rubuta komai ba, sai a 1976 ya dawo da wani salo mai ƙarancin sauti ƙwarai, layi biyu kawai suna tafiya tare a hankali. A 1980 ya bar Tarayyar Sobiyet da iyalinsa. Kundinsa Tabula Rasa, wanda kamfanin ECM ya fitar a 1984, shi ne na farko da za ku saya. Amma ku sani, yawancin ayyukansa masu murya waƙoƙin ibadar Kirista ne, irin su Passio da Te Deum. Na faɗa ne don kowa ya san abin da yake sa kuɗinsa a kai. Tabula Rasa kiɗa ne zalla, babu baiti ko ɗaya.

Na biyu Steve Reich, Ba'amurke, haihuwar 1936, kuma shi nake zaton zai fi tayar muku da hira. A 1970 ya zo Jami'ar Gana ya zauna gaban makaɗan ƙabilar Ewe yana koyon ganga, har zazzaɓin cizon sauro ya katse masa zaman bayan mako biyar. Da ya koma ya rubuta Drumming a 1971. Dabararsa ita ce makaɗa biyu su fara da bugu iri ɗaya, sai ɗaya ya ɗan ƙara sauri kaɗan-kaɗan har ya wuce ɗan'uwansa da taki guda, sai ka ji wani sabon kari ya fito wanda babu wanda ya buga shi shi kaɗai. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kalangu zai kama zancen kafin Bature ya kama. Ku sayi Music for 18 Musicians, na ECM, 1978. Kusan awa guda ne ba tsayawa, don haka a kawo shayi tukuna.

Na uku ku ba Williams haƙƙinsa da na Biyana da na ambata a sama. Philip Glass da John Adams su jira karo-karo na gaba.

In kun matsa sai na ambaci suna, Reich zan ce, saboda shi ya sauya yadda waɗanda suka biyo bayansa suke rubuta kiɗa, har masu kiɗan kwamfuta na gidan rawa. Williams ya gaji tsohon gida ne ya gyara shi ya yi kyau fiye da yadda ya same shi. Wanda ya ce Zimmer ya yi haƙuri, amsarsa tana ƙasa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, maigidana ya kamu da son irin wannan kiɗa, ina so in yi masa kyauta. Ya taɓa ambatar garmaho. Sannan yana ƙorafin cewa a sifikarmu ta Bluetooth kiɗan yakan yi ƙasa har ba a ji, can kuma ya fashe da ƙara. Me zan saya? Daga Kano.

Amsa: Hajiya, Allah ya bar ƙauna. Ki bar maganar garmaho. Faifansa roba ce, zafin Afrilu na Kano yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu tana shiga cikin layukansa, allurar kuma in ta lalace sai an yi odar wata daga waje.

Sifikar ma ba lalacewa ta yi ba. Waƙoƙin da muka saba ji a waya an matse sautinsu ya zama kai ɗaya daga farko har ƙarshe. Kiɗan okestira ba a matse shi haka, ana barin raɗa ta zama raɗa, tsawa ta zama tsawa. In ga fanka ga janareton maƙwabta, rabin kiɗan ya tafi. Saya masa hedifon mai waya, irin wanda ke rufe kunne gaba ɗaya, na kamfani sananne kamar Sony ko Audio-Technica ko Sennheiser. Ki tafi da wayarsa shagon a gwada a gabanki, domin jabu ya yi yawa, kuma wayoyi da dama yanzu ba su da ramin hedifon sai an haɗa da ɗan mahaɗi.

Canjin da ya rage ki biya masa kuɗin wata na Spotify, wanda ya shigo Nijeriya tun 2021. Sai dai a kula da data: a sauti mai inganci na kilobit 320, awa guda tana cin kusan megabait 144. Ya riƙa sauke kundin inda akwai wayfai, ya saurara a gida ba tare da intanet ba.

Tambaya: Baba, ina haɗa kiɗan fim a wani situdiyo a Zoo Road. Na ga ana sayar da littattafan rubutaccen kiɗan Williams a intanet, da tsada. In saya? Da kunne nake buga fiyano, ban iya karanta rubutun kiɗa ba.

Amsa: Ɗana, kada ka saya yanzu. Waɗancan manyan littattafai na kamfanin Hal Leonard an yi su ne don mai jagorantar okestira, shafi guda yana ɗauke da layi ashirin ko fiye, kowane kayan kiɗa da nasa. Ko wanda ya iya karatun sai ya yi gumi. Kuɗin ka kai wa malamin da zai koya maka karatun na 'yan watanni. A cocin Sabon Gari da wajen masu badujalar soja da 'yan sanda ba a rasa wanda ya iya. In ka fara ganewa, sai ka sayi ƙaramin littafin da aka taƙaita wa fiyano kaɗai.

Kuma Williams da fensir da takarda yake aiki, ya miƙa wa mutum tamanin su kaɗa. Kai da kibod da kwamfuta kake aiki, wato hanyar Hans Zimmer ke nan, wanda ya ci Oska da The Lion King da kuma Dune. Shi ya kamata ka sa wa kunne wajen yadda ake jera sauti bisa sauti. Abu ɗaya da za ka ɗauka wurin Williams bai buƙatar ko sisi: yana ba kowane jarumi ɗan karinsa na kansa, sai ya riƙa dawo da shi, yau da sanyi in yana cikin baƙin ciki, gobe da ƙaho in ya yi nasara. Gwada shi a fim ɗin da ke gabanka. Ba amarya kari ɗaya, ba uwar miji wani, ka hana kanka ɗauko kiɗan tausayin nan guda da kowane situdiyo ke sawa da zarar an fara kuka.