Tafiyar ɗalibai zuwa Gana ta mota: da me zan fara?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a aji uku, sashen tarihi. Za a kai mu Gana ziyarar kwana goma, mu talatin, ta mota daga Legas. Ban taɓa ƙetare iyaka ba. Saura wata biyu, kuma Baba ya ce ba zai sa hannu ba sai ya san yadda tafiyar take. Da me zan fara? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, ki ajiye zancen ɗinki da akwati tukuna, ki fara da takardu. Biza dai ba kya buƙatarta, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Benin da Togo da Gana ya zauna har kwana 90. Amma dole ki riƙe fasfo, ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS wadda hukumar shige da fice ke bayarwa. Ki nema a makon nan, kuma ki duba sunanki da ranar haihuwarki su yi daidai da na lambar NIN, don harafi ɗaya kan tsayar da aiki.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Katin ba ya fara aiki sai an kwana 10 da yin allurar. Tun daga 2016 kuwa allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka in kin taɓa yi, ki nemo katin. Na taɓa raka ɗalibai, wani yaro ya yi tasa saura kwana uku mu tashi bai gaya wa kowa ba. Haka muka wuni a bakin iyakar Aflao, tsakanin Togo da Gana, motar na tsaye cikin rana, ana ta magiya saboda mutum ɗaya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma a tafiyar ayari haka abin yake. Ki tambayi ƙawayenki ma ko sun yi.

Iyaka uku za ku ƙetare: Seme tsakanin Nijeriya da Benin, Hillacondji a shiga Togo, sai Aflao da ke manne da birnin Lome. A kowace za a sauke ku a buga hatimi. Fasfo ya zauna a ƙaramar jakar da ke jikinki, kada ya shiga akwatin da ke bayan mota. Ki ɗauki hotonsa a waya, ki bar kwafi a gida.

Kuɗi iri biyu ne: sefa a Benin da Togo, sidi a Gana. Ki canji kaɗan na ruwa da abinci, sauran ki raba shi wuri biyu. Da kun shiga Togo agogo zai koma baya da awa ɗaya, ki lura da wannan wajen salla da kiran gida. Kai, ki yi alwala duk inda aka tsaya, direba ba ya jiran kowa sau biyu.

Abinci kada ya dame ki. A Nima da Sabon Zango cikin Akara za ki ji Hausa a bakin titi, ga koko da ƙosai da safe, ga shinkafa da wake da suke kira waakye. Tunda tarihi kike karanta, in an kai ku Elmina, ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ki rage ɗaukar hoto ki saurari mai jagora a kurkukun da aka tsare bayi. Ki shiga da littafi da biro.

Shi kuwa Baba, gaskiyarsa ce. Ki karɓo masa takardar sashe mai hatimi, da jadawalin kwanakin, da sunan masaukin, da lambar malamar da za ta kula da ɗalibai mata. In zai yiwu, ki haɗa shi da jagoran tafiyar su yi magana baki da baki kafin ranar biyan kuɗi.