Gatarin Aradu: Daga Sama Yake Faɗowa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina da wani ɗan dutse da na gada a cikin kayan kakana, wanda ya yi ƙodago a gonakin koko na ƙasar Asante kafin ya zauna a Kumasi. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, launinsa kore-kore ne, yana da santsi, kuma bakinsa ɗaya a washe yake. Tun muna yara aka ce mana gatarin aradu ne, da shi take tsaga itace idan ta faɗi. Shin da gaske daga sama yake zuwa? Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya jiƙan kakanka, domin ya bar maka abin da wataƙila ya girmi masarautar Asante da dubban shekaru. Amma daga sama bai zo ba, hannun ɗan Adam ne ya sassaƙa shi. Aradu wutar lantarki ce, ba ta ɗauke da dutse ko ƙarfe. Zafinta yakan kai kimanin digiri 30,000 a ma'aunin Salsiyas, kuma idan ta sauka a kan bishiya ruwan da ke cikin itacen ne yake tafasa nan take, tururinsa ya fasa ɓawon. Idan ta bar wani abu a ƙasa, to narkakken yashi ne da ya daskare ya zama kamar bututun gilashi, wanda ko kaɗan bai yi kama da gatari ba.

Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba, kuma ba na ganin wautar magabata a ciki. Maƙwabtanmu Asante suna kiransa Nyame akuma, wato gatarin Ubangiji, har sukan ajiye shi a cikin tukunya bisa wani itace mai rassa a tsakar gida, Yarabawa kuma suna danganta shi da Shango, abin bautarsu na tsawa. Turawa ma sun daɗe a kan haka, har zuwa 1723 da wani masani ɗan Faransa, Antoine de Jussieu, ya kwatanta nasu da gaturan dutsen da mutanen nahiyar Amurka suke aiki da su, ya nuna wa masanan birnin Faris cewa abu ɗaya ne. Dalilin da ya sa zato ya zo ɗaya a ko'ina mai sauƙi ne: ruwan da yake zuwa tare da tsawa shi yake wanke ƙasa, manomi ya fito da safe ya tarar da dutsen da jiya babu shi a wurin.

Juya naka a hannu a cikin hasken rana. Za ka ga bakin an washe shi daga ɓangarorin biyu har suka haɗu daidai, kuma idan ka ƙura ido wataƙila ka hangi siraran layukan da gugar yashi ta bari. Gindinsa ya fi bakin tsukewa, domin nan ne ake cusa shi a ƙota. Masu yin sa sukan fara ɓantare dutsen har ya ɗauki siffa, sannan su zauna a kan falalen dutse kusa da rafi, su yi ta gugarsa da ruwa da yashi, aikin da ke cin kwanaki. Har yau ana ganin dogayen kwarmin da wannan guga ta bari a kan duwatsu a wurare da dama na Ghana.

Su wane ne suka yi shi? Da yawa daga irin waɗannan gatura masana suna danganta su da al'ummar da suke kira mutanen Kintampo, saboda a kusa da garin Kintampo da ke tsakiyar Ghana ne aka yi fitattun tone-tonen kufansu. Sun rayu daga wajen shekara ta 2500 zuwa 1400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma an sami sawunsu har a tudun Boyase da ke gefen Kumasi. Suna gina ɗakunan itace da yaɓe, suna yin tukwane, suna kiwon awaki, suna cin kwakwar manja. A Birimi, can arewacin Ghana, an tono ƙonannen gero mai kimanin shekara 3,500, a yankin Kintampo kuma an sami wake da ya kai waɗannan shekaru. Ka ga ke nan gero da wake sun riga ayarin fatakenmu na goro isowa wannan ƙasa nesa ba kusa ba. Sai dai tsintaccen dutse irin naka, wanda aka raba shi da ƙasar da ya kwanta a ciki, ba a iya yanke masa shekaru daidai, domin gawayi da ƙashin da ke kewaye da shi ake aunawa, ba shi kansa ba. Shawarata ita ce kada ka wasa shi ko ka shafa masa mai, ka nuna shi a gidan tarihi na ƙasa da ke Accra ko sashen nazarin kayan tarihi na jami'ar Legon.

A ganina ma gatarin ba shi ne abin al'ajabin mutanen Kintampo ba. A kusan kowane kufansu ana tono wasu abubuwa masu ɗan tsawo da faɗi, daidai riƙon hannu, waɗanda aka tsattsaga wa jiki da layuka a gicciye, Turawa kuma suka yi musu laƙabi da sigari saboda siffarsu. Suna da yawan gaske, kuma galibinsu a karye ake samun su. Wasu masana sun ce magogin doya ne (ba dai rogo ba, domin shi sai bayan 1500 Turawan Fotugal suka kawo shi daga Kudancin Amurka), wasu sun ce kayan maginan tukwane ne, wasu suka ce da su ake bugun ɓawon itace a yi tufa, har akwai masu cewa dutsen goge kaushi ne. An fi shekara 60 ana wannan muhawara, kuma har yau masanan ba su tsaya a kan magana ɗaya ba.