Amsa ga Alhaji kan kallon tsuntsayen teku a Ingila

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na ga tambayarka cewa yaronka zai tafi karatu Hull, kuma tun yana ƙarami ba shi da aiki sai zaman bakin kogin Matan Fada a Argungu yana kallon tsuntsaye, ko akwai inda zai rage kewa a can. Wallahi akwai, kuma kusa da shi ma. Ni ɗan Yauri ne, a Hull ɗin na yi digiri na biyu, sau huɗu ina zuwa wurin da zan faɗa maka.

Sunan wurin Bempton, gaba kaɗan da Bridlington. Jirgin ƙasan da ke tashi daga Hull zuwa Scarborough yana bi ta nan, in ya sauka sai ya taka kamar rabin awa ta cikin gonaki. Ba zai ga komai ba da farko, wari zai fara ji, warin kifi da kashin tsuntsu kamar an shanya kifi a kasuwar Yauri da rana, sannan hayaniya, sannan kwatsam ƙasa ta ƙare. Dutse ne fari fat a tsaye, tsawonsa ya haura mita 100, teku na dukan gindinsa, kuma tsuntsaye wajen rabin miliyan ne ke taruwa a jikinsa lokacin ƙyanƙyasa. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke kula da wurin, sun yi dandamali da shinge, don Allah ka ja masa kunne kar ya tsallake shingen don hoto.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne ganet. Fari ne kamar belbela amma ya fi ta nesa ba kusa ba, in ya buɗe fukafukai sun kai kusan mita 2, ƙarshen fukafukan baƙi, kansa ruwan ɗorawa. Ka san ɗan tsuntsun nan namu mai fari da baƙi da ke tsayawa cak a iska sannan ya faɗa ruwa ya cafko kifi? To haka yake yi, sai dai shi daga kamar mita 30 yake sakowa, ya naɗe fukafukan baya ya zama kamar mashi, ya huda ruwan da gudun da ke kusan kilomita 100 a awa. Ranar farko na yi ta cewa Subhanallah, yaya wuyansa bai karye ba? Ashe Allah ya yi masa jakunkunan iska a fuska da ƙirji da ke tare masa bugun, kuma hancinsa ba ya buɗe ta waje. Ƙwai ɗaya tak suke yi, kuma da tafin ƙafa suke ɗumama shi. Abin da ya ƙara min sonsu, ƙananansu in sanyi ya shigo har gaɓar Senegal da Muritaniya suke zuwa, kamar dai yadda shamuwa ke zo mana da damina ta koma.

Akwai kuma fafin, ɗan guntu mai baki ja da ɗorawa, shi kowa ke nema amma yana wuyar gani don cikin tsagar dutse yake ɓuya, sai zuwana na uku na gan shi.

Lokaci shi ne komai Alhaji. Ya je tsakanin Mayu da farkon Yuli. Na taɓa zuwa a Nuwamba, dutsen wayam, iska kawai na sha na dawo da mura. Ko da rani ne ya sa rigar sanyi mai tare iska, ya nemi madubin hangen nesa ko na aro ne, waya ba ta ɗauko komai daga can sama. Kuma kar ya biye wa masu yawo daga wannan dandamali zuwa wancan, ya zaɓi guda ya zauna awa ɗaya ko biyu yadda ya saba a Argungu, a nan ne zai ga uwa ta dawo da kifi, ya ga miji da mata suna goga baki suna gaisawa.

In ya sauka lafiya ya yi min magana ta nan, zan kwatanta masa dandamalin da na fi zama. Allah ya ba shi abin da ya je nema.