Filin Mai Wayarin: Dokin da Ba a Kai Shi Kilisa

Wasiƙu huɗu na ɗauko a wannan watan. Masu tambayar farashin fanel ɗin sola su yi mini uzuri, ni wayarin nake yi, ba saye da sayarwa ba.

TAMBAYA: Malam, ina da jerin shaguna goma sha biyu a bakin titi, akwai tela biyu, mai aski, mai POS, sai ɗakin sanyi na kifi a ƙarshe. Shekara biyu ke nan da na sayi janareta mai shan gas, mai ƙarfin kVA 30. Duk safiyar Juma'a yarona yana tayar da shi, ya bar shi minti goma ya kashe, kamar yadda wanda ya sayar mini ya ce a yi. Ran Lahadin da ta wuce, kasuwa tana ci, aka ɗauke wuta. Muna juya masa lodi sai ya yi tari, ya turnuƙe wurin da baƙin hayaƙi, ya mutu. Na kuma ga wani baƙin abu kamar mai yana tsattsafowa daga salansa. Ruɓaɓɓen inji aka sayar mini? Daga wani mai shaguna a Dambatta.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ban ga injin da idona ba, amma yadda ka kwatanta shi, ba na jin an cuce ka. Abin da yaron nan yake yi duk Juma'a shi ya kwantar da shi.

Dubi dokin hakimi. A ba shi dawa da harawa shekara guda, a wanke shi a shafe shi, kullum da safe ya yi haniniya a turke, amma ko sau ɗaya ba a fita da shi kilisa ba. Ran hawan salla a ɗora masa sirdi da lifidi da ƙaton mutum, kafin a isa ƙofar fada ya fara haki. Minti goman da yaronka ke yi haniniya ce a turke.

Injin gas ba shi da fulogi irin na fetur. Zafin iskar da fistin ya matse shi ke kunna man. In inji yana juyawa ba lodi, cikinsa ba ya ɗaukar zafin da zai cinye man duka, sai ragowar ta haɗu da kunkunniya ta daskare a bakin nozul da bawul, ta gangaro ta salansa. Ita ce baƙin da ka gani. Na sha ganin an ɗauka baƙin mai ne ke yoyo, a kira bakanike ya sauke inji gaba ɗaya a banza.

A Amurka akwai wata ƙa'ida, NFPA 110, da asibitoci da manyan gine-gine ke bi. Ta ce a duba inji duk mako, a kuma tayar da shi da lodi sau ɗaya a wata na aƙalla minti 30, lodin ya kai kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Dokar ba ta hau kanmu ba a Dambatta, amma shi inji bai san ƙasar da aka girke shi ba. Naka mai kVA 30, ainihin aikin da zai iya kilowat 24 ne. Kashi 30 ɗinsa ya ɗan haura kilowat 7. Ɗakin sanyin nan da dutsen gugar telolinka biyu da fankoki za su kai ka kusa da wurin.

Ga yadda nake yi a ginin da nake kula da shi. Nakan zaɓi ranar da ba ciniki sosai, a wurinka Talata da hantsi, in gaya wa 'yan haya tun daren Litinin. Kafin a taɓa makulli sai in zare sandar baƙin mai in duba, in leƙa ruwan lagireto tun yana da sanyi, in danna fanbel da yatsa, in girgiza kan batir in ga ko ya yi sako-sako ko ya yi farin gari. Daga nan sai in je babban makunnin da ke shigo da wutar layi in sauke shi da hannuna, tamkar an ɗauke wuta. In canjin wuta na hannu ne, sai a tayar da inji a juya masa lodi. Nan ne gwajin ya fara. Sai in tsaya da agogo, ido a kan mita. Kowane layi daga cikin layuka ukun da injin ke bayarwa ya nuna kusan bolt 230, tsakanin layi da layi kusan 400, ɗaya mitar kuma ta zauna a kan 50, wato injin yana juyi 1,500 a minti. In kwamfuresar ɗakin sanyi ta tashi allurar mitar nan ta ɗan sunkuya ta miƙe, lafiya lau. In ta faɗi 47 ta ƙi tashi, mai ko iska ba sa isar injin, sai a nemi filta.

Ka sa mai wayarinka ya auna kowane layi daga cikin ukun. Ciwon jerin shaguna irin naka ɗaya ne: duk wanda ya kama haya sai a jona shi a layin da ya fi kusa da hannu, a wayi gari layi ɗaya na ɗauke da shago takwas, ɗaya kuma na zaman banza. Koyil, wato naɗin wayar da ke samar da wuta a cikin janareta, ba ya jure wannan.

In rabin sa'a ta cika, a mayar da wutar layi, a bar inji ya yi minti uku zuwa biyar ba lodi ya huce, sannan a kashe. A sayi littafi mai fallaye arba'in irin na 'yan firamare a rataye a ɗakin injin, a riƙa rubuta rana, da abin da mita ta nuna, da launin hayaƙi, da awannin da inji ya yi. Da shi za ka san lokacin juyen baƙin mai, wanda a yawancin irin waɗannan injina duk awa 250 ne.

Maganin wanda ya riga ya toshe kuwa aiki ne. A canja filtar mai da ta iska, a buɗe ƙasan tanki a tsiyaye ruwan da ya kwanta, don man gas in ya daɗe a ajiye yana tara ruwa da dauɗa. Sai a ɗora masa lodi kaɗan-kaɗan har ya kai kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, a bar shi kamar awa biyu har hayaƙin ya washe. A birni akwai na'urar da ake haya mai shanye wuta don wannan aikin. Mu a nan hitocin dafa ruwa da dutsen guga muke tarawa. Ka janye zana da kara da kwali daga bakin salansa, don tartsatsi zai fito.

Bari in faɗi abin da ya sa nake nanata sauke makunni da hannu, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Wata shekara na haɗa wa wani bawan Allah a yankinmu makunnin da ke canja wuta da kansa: in an ɗauke, ya aika wa inji saƙo ya tashi, ya juya lodi ba sai an taɓa ba. Na gwada a gabansa ya yi, na karɓi kuɗina na tafi. Maigadinsa mutum ne mai himma, kullum da safe sai ya murɗa makulli, inji ya tashi, ya ji daɗi ya kashe. Ashe ɓera ya daɗe da gutsure 'yar siririyar wayar da ke kai saƙon. Makulli ba ya bi ta wannan wayar, shi ya sa ba wanda ya sani. Cikin azumi, da zafin nan na Afrilu, aka ɗauke wuta da dare, maigadi ya tafi gida sahur bai dawo ba sai da rana ta take, mai wurin kuma ya yi tafiya ya rufe ɗakin. Kifin da aka zubar ba na son tuna yawansa. Mutumin bai ce mini uffan ba, sai dai har yau in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure ni ke fara sunkuyar da kai. Da na ce masa ya riƙa sauke makunnin nan sau ɗaya a wata, da minti ɗaya ya isa a gano ɓarnar ɓeran.

Na san za ka ce gas ya yi tsada. Rabin sa'ar nan ba za ta sha maka fiye da lita biyu zuwa uku ba. Ka tambayi mai ɗakin sanyin nawa katan ɗin kifi yake yanzu.

TAMBAYA: Baba, kantin magani nake da shi, ina ajiye insulin a firij saboda masu ciwon suga na ƙauyukan da ke kewaye da mu. Ina da inbata da batir biyu manya masu shan ruwa, 200Ah kowanne, da sola. Da can suna kai ni asuba, yanzu ƙarfe ɗaya na dare sai in ji inbata tana kuka. Amma mai gyara ya ɗora mita da rana ya ce batir lafiya lau. Wa zan gaskata? Daga wata mai kemis a yankin Gumel.

AMSA: Hajiya, gaskata kunnenki. Wanda ya auna batir da rana tsaka, sola na zuba masa wuta, ƙarfin rana ya auna. Batirin da ya gaji yakan cika da wuri ya nuna lamba mai kyau, kamar randar da rabinta yashi ne: kina zuba guga biyu ta tumbatsa, kina ɗiban moɗa kaɗan ta ƙafe.

Yi lissafin da kanki. Batir biyun, suna sababbi, suna ɗauke da kusan kilowat-awa 4.8, kuma irin wannan batir ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. In firij da fanka da ƙwayaye suka haɗu suka ci wat 300, ya kamata rabin nan, wato wat-awa 2,400, ya kai ki awa takwas a lissafi, ko wajen bakwai in an cire abin da inbata ke ci. To ki gwada. Ranar da suka cika taf, bayan magariba, ki raba su da wutar layi, ki bar abin da kika saba kunnawa kaɗai, ki rubuta lokaci. Duk bayan awa ɗaya a auna kowane batir shi kaɗai, ba su biyun a haɗe ba. Cikakken batir da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6 zuwa 12.7, rabi kuma kusan 12.1. Sau da yawa ɗaya ne ke zubewa ya janyo ɗan'uwansa. In tazarar da ke tsakaninsu ta kai rabin bolt, kin kama mai laifin. Sai dai kada ki haɗa sabo da tsoho, tsohon zai tsufar da sabon cikin 'yan watanni.

Ki buɗe murafan ki ga ko ruwa ya rufe farantan ciki. Tataccen ruwan batir na kwalba ake zubawa, ba asid ba, ban da na rijiya ko na burtsatse ko fiya wata. Ki kuma dubi inda kika ajiye su. An ƙera su don yanayi mai digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma yana kusan raba kwanansu biyu. Ɗakin kwano a Gumel cikin watan Mayu, kin fi ni sanin yadda yake.

Abin da ya fi damuna shi ne insulin ɗin. Tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye shi, kuma in ya daskare ya lalace. Ki sa ma'aunin zafi a cikin firij ki riƙa dubawa safe da yamma, ki jera gorunan ruwa a ƙofarsa da ƙasansa don su riƙe sanyi. Kin tuna watan Oktoban 2024 da layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala aka fi mako guda cikin duhu. Irin wannan in ya haɗu da hazon hunturu, da ƙura a kan fanel, sola ba za ta cika batir ba. Ki tanadi ƙaramin janareta na ko-ta-kwana, shi ma ki riƙa jona masa firij ɗin sau ɗaya a wata ki ga ko yana iya tayar da shi.

TAMBAYA: Janaretana kVA 30 ne, motar injin casar shinkafata kilowat 15. A lissafi ya ninka ta, amma da na danna sai wuta ta dushe ya nemi mutuwa. Daga wani mai injin casa a Kura.

AMSA: Lissafin gudu ka yi, ka manta na tashi. Motarka tana jan kusan amfiya 30 in ta miƙe, amma a daƙiƙun farko takan ja ninki biyar zuwa bakwai na haka. Janaretan naka amfiya 43 yake bayarwa. Ka sa a haɗa maka abin tayar da mota irin wanda masu wayarin ke kira sita-delta, yana rage jan farko zuwa kashi ɗaya cikin uku. Ka tayar da injin ba shinkafa a cikinsa, babbar mota ta fara tashi kafin ƙananan. Sannan ka duba ta ina iska ke kai ɓuntu. In ɗakin janareta take nufa, lagireto da filtar iska sun sha shi, kuma injin da ba ya numfashi ko rabin ƙarfinsa ba zai ba ka ba.

TAMBAYA: Shagon cajin waya nake da shi. Don gudun ɓarayi nakan kunna ƙaramin janareta a cikin shago, in soka wayarsa a soket ɗin bango, duk shagon ya samu wuta. Akwai matsala? Daga wani matashi a Gujungu.

AMSA: Ɗana, akwai, har biyu, kuma kowacce tana kisa. A cikin hayaƙin janareta akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yakan fara da ciwon kai da jin barci, daga nan ba ya farkawa. Buɗe taga ba ya isa. Fitar da shi waje, nesa da ƙofa da taga, ka sa maƙeri ya yi masa keji na ƙarfe da kwaɗo.

Wayar da kake sokawa a soket kuwa, in ka manta ba ka sauke babban makunni ba, wutarka za ta bi layi ta koma kan turke, ta samu ma'aikacin da ya hau gyara yana ganin layin a mace yake. In kuma aka kawo wuta janaretanka na jone, ya ƙone. Ka nemi mai wayarin ya sa maka makunnin canja wuta na hannu, mai bakin nan biyu. Aikin awa ɗaya ne, kuma kuɗinsa bai kai na waya ɗaya daga cikin waɗanda ake kawo maka caji ba.