Mene ne aikin manazarcin kasuwanci, kuma me ƙungiyarsu za ta tsinana wa mazaunin Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi digiri a fannin harkokin kasuwanci a Jami'ar Ahmadu Bello, na gama hidimar ƙasa, yanzu ina zaune a Samaru. Ina yawan ganin bankuna da kamfanonin fasaha suna neman manazarcin kasuwanci, wato business analyst a Turance, wanda suke taƙaitawa BA. Wasu sun ce sai wanda ya iya rubuta manhaja, wasu sun ce in ba ka da satifiket ɗin ƙungiyarsu ko kallon takardarka ba za a yi ba. Mene ne aikin takamaimai? Kuma ni da nake Zariya, me zan ƙaru da shi a ƙungiyar da tarukanta ke can Legas?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, ba sai kin iya rubuta manhaja ba. Manazarci shi ne mai tsayawa tsakanin wanda ke da matsala da waɗanda za su gina maganinta. Mai kamfani ya san abu na damunsa, amma sau da yawa abin da yake faɗa da baki ba shi ne ainihin cutar ba. Su kuma masu rubuta manhaja, abin da aka ba su a rubuce shi za su gina, ko da bai yi wa kowa amfani ba. Aikinki shi ne ki tono ainihin buƙatar, ki rubuta ta yadda ɓangarorin biyu za su karanta su fahimci abu ɗaya, sannan bayan an gama ki koma ki duba ko matsalar ta kau.

Ga yadda abin yake a aikace. An taɓa kira na wurin wani babban ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a sari a Sabon Gari. Maganarsa gajera ce: kaya suna ɓata a sito, yaransa yake zargi, a yi masa manhaja da za ta kama ɓarawo. Da na zauna a bakin siton ina kallon yadda ake hada-hada, sai ga abin da ya bayyana. Alhaji yana masallaci ko yana Kano, wani tsohon kwastoma ya kira shi, shi kuma ya kira yaron sito ya ce a ba wane katan goma, ya kawo kuɗi ranar Juma'a. Kaya sun fita, ba wanda ya rubuta. Kwastoma ya tura kuɗi ta banki, alat ya shiga wayar Alhaji, littafin ciniki kuwa yana hannun yaron kanti wanda bai ga alat ɗin ba. Sannan ana fasa katan a sayar da dozin-dozin, amma a littafi katan ake ƙirgawa. Babu ɓarawo a wurin, ƙofofi uku ne a buɗe. Da an gina manhajar da ya nema, da ta riƙa nuna giɓi kullum, da an kori yara marayun Allah a banza.

Abin da na rubuta masa bai wuce shafi biyu ba. Kada kaya su bar sito sai da rasit mai lamba, ko da Alhaji ne ya ba da umarni. Bashi ya sami nasa littafin. Idan za a yi manhaja, dole ta iya ƙirga katan da dozin da ɗai-ɗai, ta yi aiki ko babu intanet, kuma ta hau kan waya, domin wutar kasuwa ba abin dogaro ba ce. Mafi wahalar aikin bai shafi kwamfuta ba sam. Gaya wa dattijo, cikin ladabi kuma ba a gaban yaransa ba, cewa kiran wayarsa na cikin abin da ke jawo asarar, shi ne wurin da gumi ya fito. Wannan ɓangaren babu kwas ɗin da zai koya miki shi.

A banki ko asibiti ko kamfanin sadarwa ma haka aikin yake, girma kawai ya fi. Za ki yi ta hira da ma'aikata, ki zana yadda takarda ke tafiya daga wannan tebur zuwa wancan, ki jera buƙatu ki ware na dole daga na sha'awa, ki zauna da masu gina manhaja suna yi miki tambayoyi, ki gwada abin da suka gina kafin a miƙa shi. Excel dole ne ki iya shi sosai. Ɗan sanin SQL, yaren ciro bayanai daga rumbun kwamfuta, don ki ciro su da kanki zai ɗaga darajarki, haka Power BI, manhajar nuna bayanai a zane, da Jira, manhajar bibiyar ayyuka, kuma duk ana koyonsu a hankali. Turancinki na rubutu ya zama mai tsabta. Hausarki kuma jari ce, domin ma'aikacin sito ko mai ba da kati a asibiti ba zai buɗe cikinsa ga wanda ya zo masa da Turanci da kwamfuta a hannu ba. Kada ki haɗa wannan aiki da na mai nazarin alƙaluma. Shi yininsa a kan lambobi yake ƙarewa, ke kuwa rabin yininki a bakin mutane.

Sai batun ƙungiya. Babbar ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya ita ce IIBA, wato International Institute of Business Analysis, wadda aka kafa a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 2003. Ita ke fitar da BABOK, kundin jagorar wannan sana'a, wanda bugunsa na uku ya fito a 2015, ya kasa aikin gida 6, ya kuma yi bayanin dabaru 50. Jarrabawarta hawa-hawa ce. ECBA ta masu shigowa ce, ba ta buƙatar gogewar aiki. CCBA tana neman awa 3,750 na aiki cikin shekara 7 da suka wuce. CBAP, wadda kamfanoni suka fi girmamawa, tana neman awa 7,500 cikin shekara 10, da awa 35 na horo, da mutum biyu da za su shaide ki. Ki lissafa: ko kullum kina awa takwas a kan wannan aiki kaɗai, kwana biyar a mako, sai kin kusa shekara huɗu. Wato ita kanta ƙungiyar aiki ta sa a gaba. Don haka masu ce miki sai da satifiket sun faɗi rabin magana. ECBA tana taimakawa takardarki ta tsallake tantancewar farko, amma da dala ake biya, kuma ban ga dalilin da za ki ci bashi dominta ba tun ba ki taɓa warware wa kowa matsala ba. Ki kuma yi hattara da masu tallan kwas na 'yan makonni da alkawarin aikin dala daga ɗaki. Raina yana ɓaci in na ga iyaye sun sayar da dabba saboda irin wannan.

IIBA tana da reshe a Nijeriya, kuma gaskiya ne harkokinsa sun fi ƙarfi a Legas. Sai dai yawancin abin da za ki amfana da shi ta intanet ake yi: laccoci ta Zoom, rukunin masu bitar BABOK tare, haɗa sabon shiga da gogagge mai ja masa gora, da labarin guraben aiki da kan zaga tsakanin mambobi. Tsofaffin hannu ma ba don nishaɗi suke halarta ba, domin mai CBAP sai ya tara maki 60 na ƙarin ilimi duk shekara uku kafin a sabunta masa. Wannan ya sa za ki same su a wurin, kuma za ki iya yi musu tambaya. A nan gida akwai Ƙungiyar Masana Kwamfuta ta Nijeriya, NCS, da Cibiyar Gudanarwa ta Nijeriya, NIM, wadda ta faro tun 1961. Dukansu suna da rassa a jihohi, kuma Kaduna tafiyar kusan kilomita 80 ce daga Zariya.

Shiga ƙungiya a biya kuɗi, a je taro a ɗauki hoto a karɓi takardar halarta, asarar kuɗin mota ce. Ki nemi aikin sa kai. Ki ce ke za ki riƙa rubuta bayanin taro. Sauraron mutum goma suna magana a warwatse, ki fito da shafi ɗaya da kowa zai ce eh, haka muka ce, shi ne ainihin sana'ar, kuma manya suna lura da mai yin sa da kyau.

Kada kuma ki raina Zariya. Garin da ke da ABU a Samaru da Kongo, da asibitin koyarwa a Shika, da kwalejin Nuhu Bamalli, da cibiyar fasahar sufuri ta NITT, da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ba zai rasa mutum biyar masu irin burinki ba. Ku haɗu ranar Asabar da hantsi, ku karanta babi ɗaya, sannan kowa ya kawo matsala ta gaske: makarantar kuɗi da ke rikicewa wajen karɓar kuɗin zango, kemis da magani ke lalacewa a kanta, masu sayar da taki da lissafinsu ke tsayawa da damina. Ku nemi izinin masu wurin ku yi musu aikin kyauta, ku riƙe sirrinsu.

Duk aikin da kika yi, ki ajiye zanen yadda abin yake da, da yadda ya koma, da jerin buƙatun da kika rubuta, ki cire sunan mai wurin. Su za ki ɗora a tebur ranar intabiyu. Ki kuma buɗe littafi tun yau kina rubuta kwanan wata da awannin da kika yi da wanda ya sa ki aikin, domin ranar da za ki nemi CCBA sai an tambaye ki su dalla-dalla. Allah Ya ba da sa'a.